WA KE AUNA MUDUN MAI AWO?

Darasi domin ƙungiyoyin gama kai na manoman ekklesiya

 Darasin wannan wata a kan kuɗin jama'a ne da masu riƙonsa. Muna roƙo a karanta shi a taron ƙungiya, maza da mata suna ji. Yana da ɗan tsawo, don haka ana iya raba shi zama biyu. Kafin a fara, wani ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta Ezra sura 8, daga aya 24 zuwa 34.

A kowace kasuwa akwai mai awo, kowane mai awo kuma da mudunsa. Mai saye ba ya zuwa da nasa mudu, yakan yarda da wanda ya tarar. Amma idan an bubbuge gindin mudun ya shige ciki, ko an cika shi an yi tozo, hatsin bai kai ba. Shi ya sa kasuwar kirki takan sami wanda ke zagawa yana gwada mudun masu awo. Haka yake ga kuɗin jama'a. Akwai masu riƙonsa, akwai kuma ka'idar da suka ce suna bi. Tambayar darasinmu ita ce, wa ke duba ko suna bin ka'idar? In kuwa ya tarar ba sa bi, me yake da ikon yi?

Abin da Ezra ya yi

Ezra ya tashi daga ƙasar Babila zuwa Urushalima da dukiya mai yawa ta Haikali. Azurfa kaɗai ta kai talanti 650, ban da zinariya da kwanoni. A bakin kogin Ahawa ya keɓe manyan firistoci, ya danƙa musu dukiyar. Mutanen nan bayin Allah ne, ba a taɓa jin an zarge su da kome ba. Duk da haka Ezra bai miƙa musu kayan a dunƙule ba, sai da ya auna a gabansu. Tafiyar ta ɗauki kamar wata huɗu. Da suka isa suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka sake aunawa a cikin Haikali. Waɗanda suka karɓa mutum huɗu ne dabam, ba waɗanda suka ɗauko ba. Aka ƙidaya, aka auna, aka rubuta nauyin.

Mu lura, awon nan bai zama cin mutunci ga firistocin ba. Shi ne ma ya wanke su. Da ba a auna ba, da ranar da wani ya ce kwano ɗaya ya ɓace ba su da abin kare kansu. Manzo Bulus ma haka ya yi sa'ad da ake tara gudummawa domin matalautan Urushalima. A 2 Korantiyawa sura 8 mun ga bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya sa Titus, da wani ɗan'uwa wanda ekklesiyoyi da kansu suka zaɓa, domin kada a sami bakin magana.

Kuɗi yakan yi nisa da mai shi

Mun san yadda ake ba da kiwo. Mutum yakan ba makiyayi shanunsa, makiyayin ya ba ɗansa sanda, yaron ya tafi da su daji. Idan shanun suka faɗa gonar wani, sunan wa za a kira a gaban mai unguwa? Na mai shanu. Nisan da yake da su bai fid da shi daga alhaki ba.

Zuba jari a manyan ƙasashe haka yake tafiya. Ma'aikaci yana ajiye kuɗin fansho, ekklesiya tana ajiye abin da aka bar mata gado. Waɗannan su ne masu dukiya. Sukan miƙa kuɗin ga kamfanonin da sana'arsu ita ce juya kuɗin mutane. Masu juyawar su sayi hannun jari a masana'antu, da bankuna, da kamfanonin haƙar ma'adinai. Wanda yake da hannun jari yana da rabo a cikin riba, yana kuma da ƙuri'a a babban taron kamfanin na shekara. Yana iya yin tambaya, yana iya ƙin sake zaɓen shugabanni.

To, abin da ake kira riƙon amana a harkar jari shi ne, mai juya kuɗin kada ya tsaya ga jiran riba kawai. Ya sa ido a kan kamfanin da ya sa kuɗin mutane a ciki, ya ga yadda yake bi da ma'aikatansa, da ƙasa, da ruwan sha na maƙwabta. Ya yi magana in ya ga ɓarna, ya jefa ƙuri'arsa da sani, sa'an nan ya komo ya gaya wa masu dukiya abin da ya yi. An rubuta ka'idodi da dama a kan wannan. Bari mu bi tarihin kaɗan daga cikinsu, gama akwai koyarwa a ciki.

Ka'ida, da ziyara, da hukunci

Masu bi suna cikin waɗanda suka fara wannan tunani. A Ingila, John Wesley ya yi wa'azi a kan yadda za a yi amfani da kuɗi, ya koyar cewa Kirista yana iya neman riba, amma ba ta hanyar da za ta cuci lafiyar maƙwabcinsa ko ransa ba. A Amurka kuwa akwai wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwekas, su suna kiran kansu Abokai. A shekarar 1758 babban taronsu na Filadelfiya ya yanke cewa duk ɗan'uwan da ya sayi bawa ko ya sayar, za a hana shi sa baki cikin al'amuran taro. Ba su tsaya nan ba. Suka naɗa kwamiti, John Woolman yana cikinsa, ya bi gida gida yana ziyartar 'yan'uwa masu bayi. A shekarar 1776 suka ƙara mataki, suka ce wanda ya ƙi 'yanta bayinsa za a fid da shi daga zumunta. Ga ka'ida a rubuce, ga masu zuwa su gani da ido, ga kuma hukunci. Da haka riƙon bayi ya ƙare a cikinsu tun ƙasar ba ta hana ba.

Bayan shekara kamar 200 irin wannan magana ta sake tashi saboda mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A shekarar 1971 ekklesiyar Episkopal ta Amurka, wadda take da hannun jari a kamfanin motoci na General Motors, ta kawo shawara a taron shekara cewa kamfanin ya fita daga ƙasar. Shawarar ba ta sami rinjaye ba, amma ta buɗe hanya. A wannan shekara aka sa wani fasto baƙar fata na ekklesiyar Baftis, Rabaran Leon Sullivan, a cikin majalisar gudanarwar kamfanin. A shekarar 1977 ya fito da ka'idodi 6 domin kamfanonin Amurka da ke aiki a Afirka ta Kudu. A ciki akwai hana raba wurin cin abinci da wurin aiki bisa launin fata, da biyan albashi ɗaya ga masu aiki iri ɗaya, da horar da baƙaƙe su hau manyan muƙamai. Kamfanoni 12 suka fara sa hannu, daga baya suka wuce 100.

Aka ɗauki wani kamfani mai suna Arthur D. Little ya riƙa ba su maki kowace shekara. Wannan ci gaba ne. Amma kamfanonin ne ke cika takardun da kansu, su ne kuma ke biyan kuɗin aikin. Waɗansu suka sami maki mai kyau, dokokin wariya kuwa suna nan daram. A shekarar 1987 Sullivan da kansa ya tashi ya ce ka'idodin ba su kai ga abin da aka yi su dominsa ba, ya kira kamfanonin su kwashe su fita. Mulkin wariya bai ƙare ba sai da zaɓen 1994. Daga nan mun koyi cewa mai dubawa ba makin takarda kaɗai zai duba ba. Sai ya tambaya ko mutanen da aka rubuta ka'idar dominsu sun ga canji.

Sa hannu ba shi da wuya

A shekarar 2008 manyan bankunan Ingila da na Amurka suka shiga masifa, waɗansu suka durƙushe, gwamnati ta ceci waɗansu da kuɗin haraji. Da aka bincika a Ingila, aka ga masu manyan hannayen jari sun yi barci. Suna karɓar riba, ba sa tambayar irin kasadar da bankunan ke yi. Saboda haka a shekarar 2010 hukumar da ke kula da rahoton kuɗi a ƙasar, wadda ake kira FRC a taƙaice, ta fito da Ka'idodin Riƙon Amana guda 7 domin masu juya kuɗin jama'a. Ƙasashe da dama suka kwaikwaya, Japan ta yi nata a 2014.

Kusan kamfanoni 300 suka sa hannu. Abin da ake bukata kawai shi ne kamfani ya rubuta takarda ya ce ga manufarsa. Takardu suka yi kyau, har suka riƙa kama da juna. A ƙarshen 2018 wani bincike da gwamnati ta sa Sir John Kingman ya yi wa hukumar kanta ya nuna ka'idodin ba sa aiki yadda ya kamata. Ya ba da shawara a gyara su, in kuwa ba za su haifi kome ba sai tarin takarda, a yi tunanin soke su. Ku lura, a nan mai auna mudu ne aka auna.

Hukumar ta sake rubuta ka'idodin a bugun 2020, suka zama 12. Babban canjin shi ne, kowace shekara sai kamfani ya kawo rahoton abin da ya aikata cikin wata goma sha biyu da abin da aikin ya haifar, hukumar ta karanta kafin a sa sunansa a jeri. A watan Satumba 2021 aka fito da jerin farko. Cikin 189 da suka nema, 125 aka karɓa. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku an mai da su, har da waɗansu masu suna. A shekarar 2025 aka sake fito da sabon bugu, aka sa ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2026.

Akwai kuma ka'idodi 6 na dukan duniya da ake kira PRI a taƙaice, waɗanda Kofi Annan ya ƙaddamar a 2006 lokacin yana babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Dubban kamfanoni suka sa hannu. Sai a 2018 aka sa mafi ƙarancin abin da dole mai sa hannu ya cika: ya kasance da rubutacciyar manufa da ta shafi fiye da rabin dukiyar da yake juyawa, da ma'aikacin da aikin ke wuyansa, da babban shugaban da zai amsa tambaya. Aka ba da wa'adin shekara biyu. A 2020 aka cire guda 5 da suka kasa. Shekara goma sha huɗu ke nan kafin a fara cire wani saboda wannan dalili. Mu tuna kuma masu sa hannun ne ke biyan kuɗin shekara da ƙungiyar ke aiki da shi.

Ekklesiya ma tana bukatar mai dubawa

Kada wani ya ce wannan matsalar 'yan duniya ce kawai. Ekklesiyar Ingila tana da hukumar da ke riƙe da dukiyarta ta gado. A cikin shekarun 1980 hukumar ta ci bashi ta zuba a gine-gine da manyan kantuna. Da farashin gidaje ya faɗi, a shekarar 1992 labari ya fito cewa an yi babbar hasara, wadda daga baya aka ce ta kai kusan fam miliyan 800. Ba a ce wani ya saci kuɗin ba. Mutane kaɗan ne ke yanke shawara, sauran kuwa ba su san zurfin ruwan da aka shiga ba. Babban Bishof na Kantabari George Carey ya sa aka yi bincike. Daga baya aka rage 'yan hukumar daga 95 zuwa 33. Nauyin albashi da fanshon fastoci ya ƙara komawa kan baikon masu bi a majami'u. Ashe abin da aka ɓatar a ofis, mai zaman benci ne ya biya.

A watan Yuli 2013 Babban Bishof Justin Welby ya fito yana sukan wani kamfanin ba da rance mai suna Wonga, wanda ruwan bashinsa in an lissafa a shekara ya wuce kashi 5,000 cikin ɗari. Kashegari jarida ta nuna cewa ɗan kuɗin ekklesiyar yana cikin kamfanin. Ba su saya da hannunsu ba. Sun ba wani asusu, asusun ya haɗa da kuɗin waɗansu, kuɗin ya bi ta hannu zuwa hannu har ya isa can. Ekklesiyar tana da kwamitin ba da shawara a kan jari mai tsabta tun 1994, amma idonsa bai kai ƙarshen igiyar ba. Sai a 2014 suka iya zare hannunsu. Shanu sun shiga gonar wani, aka kira sunan mai shanu.

Wa ke biyan mai dubawa?

Ran 25 ga Janairu 2019, a garin Brumadinho na ƙasar Brazil, wata madatsa da kamfanin Vale ke tara laka da dattin ma'adinan ƙarfe ta fashe. Mutum 270 suka mutu, da yawa ma'aikata ne da ke cin abincin rana. Wata huɗu kafin wannan, wani kamfanin bincike ya ba da takardar shaida cewa madatsar tana da ƙarfi. Mai madatsar ne ya ɗauke shi aikin, shi ne kuma ke biyansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan hukumar fansho ta Ekklesiyar Ingila ta yi abin da mai riƙon amana ya kamata ya yi. Ta haɗa kai da majalisar da ke sa ido a kan asusun fansho na ƙasar Suwidin, suka tara sauran masu jari, suka rubuta wa kamfanonin ma'adinai da na mai fiye da 600 suna neman bayanin kowace madatsa: ina take, yaya aka gina ta, yaushe wani na waje ya duba ta. Amsoshin da aka samu aka baje su a fili domin kowa ya gani. A watan Agusta 2020 aka fito da ka'idar duniya a kan irin waɗannan madatsu, wadda ta nemi a riƙa samun masu bincike masu zaman kansu. Hannun jari ɗaya ba ya motsa babban kamfani, amma da suka haɗu aka saurare su.

A cikin ƙungiyarmu

Kuɗinmu bai kai nasu ba, amma amanar ɗaya ce. A cikin akwatin ƙungiya akwai kuɗin gwauruwar da ta sayar da akuya, da na saurayin da ke tara sadaki. Idan ya lalace, ba kuɗi kaɗai ke tafiya ba. Zumunci yakan tafi, mutane su daina gaisawa a ƙofar majami'a, maƙwabta kuma su ce ga halin masu bi.

Dokar ƙasa ma ta san da wannan. An kafa dokar ƙungiyoyin gama kai ta farko a Nijeriya a 1935, dokar tarayya ta 1993 kuma ta ce a binciki asusun ƙungiya mai rajista kowace shekara. A tsarin fansho da aka kawo a 2004, kamfanin da ke juya kuɗin ma'aikata ba shi ke ajiye shi ba. Wani dabam ke ajiyewa, hukumar PenCom kuma tana duba su duka biyu. Inda babu irin wannan tsari mun ga abin da ya faru. MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, hukumomi suka yi gargaɗi, a watan Disamba 2016 aka rufe asusun mutane, da yawa suka yi kuka. Ga shawarwarin da muke ba kowace ƙungiya:

1. A rubuta inda kuɗin ƙungiya zai shiga da inda ba zai shiga ba. Babban taro ne zai yanke, ba shugabanni kaɗai ba. Misali, ba za mu sayar da takin zamani da aka gauraya da yashi ba, ko maganin ƙwari da aka hana. Ba za mu ba ɗan'uwa rance da ruwan da zai cinye gonarsa ba. Ba za mu sa kuɗi a wurin da aka yi alkawarin riba mai yawa ba tare da an nuna sana'ar da ke kawo ta ba.

2. A raba hannu. Mai riƙe kuɗi dabam, mai rubutu dabam, mai ba da izini dabam. Kada a fid da kuɗi daga banki sai da sa hannun mutum biyu. Saƙon da banki ke aikowa ta waya ya riƙa shiga wayar mutum fiye da ɗaya.

3. Babban taro ya zaɓi kwamitin bincike na mutum uku. Kada shugaba ya naɗa su. Kada a sa ɗan ma'aji, ko ƙanensa, ko surukinsa, gama kunya ba za ta bar su su yi tambaya ba. Kada a sa wanda ƙungiya ke binsa bashin da ya wuce lokaci. A sa mace aƙalla ɗaya daga zumuntar mata. Idan za a ba su ɗan abin sabulu, taro ne zai yanke, daga asusun ƙungiya, ba daga aljihun shugaba ba.

4. Masu bincike su je su gani, gama gani ya kori ji. Idan littafi ya ce buhu 40 na masara suna sito, a buɗe sito a ƙidaya, a soka buhu a ga ko masara ce, ko kuwa ƙwari sun gama da ita. Idan littafi ya ce an ba wane rance, a je a tambaye shi nawa ya karɓa. A je banki a karɓo takardar asusu da hannu. A yi haka bayan girbi, a kuma yi sau ɗaya ba tare da sanarwa ba.

5. A karanta rahoto da ƙarfi a gaban kowa, cikin harshen da kowa ke ji. Rahoton ya faɗi abin da aka yi da abin da ya fito, ba abin da ake niyya kaɗai ba. Mutum nawa suka sami taki kafin shuka? Nawa suka biya bashi? Wa ya amfana, wa aka bari a baya?

6. A rubuta tun yau abin da za a yi wa wanda ya karya ka'ida: gargaɗi, biyan abin da ya ɓace, saukewa daga muƙami. A rubuta kuma shekara nawa mutum zai yi a kan kujera. Hukuncin da aka rubuta tun ba a san wanda zai faɗa masa ba, ba ya zama ƙiyayya.

7. Muna ba da shawara kada fasto ya zama ma'aji ko mai bincike. Mutane ba sa iya tuhumar wanda ke ba su jibin Ubangiji. A bar shi a sarari, domin ranar da gardama ta tashi a sami mai sulhu wanda hannunsa ba ya ciki.

8. Masu binciken ma a duba su. A riƙa sauya su, a kuma gayyaci jami'in gama kai na gwamnati ko odita daga waje sau ɗaya a shekara. Idan ƙungiyarmu tana ajiya a wata babbar haɗaɗɗiyar ƙungiya ko ƙaramin banki, wakilinmu ya je taron shekara ya tambaya ina aka sa kuɗinmu, wa kuma ya binciki asusun.

Mun san za a ce, ai ma'ajinmu dattijo ne, shekara da shekaru ba a taɓa jin kome ba. Madalla. Irinsa ne ya fi cancanta a wanke shi a gaban jama'a, kamar firistocin Ezra. Mai gaskiya yakan yi murna da ranar ƙidaya, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Kuma dattijon ba zai dawwama ba. Tsarin da muka kafa a zamaninsa shi ne zai tsare ƙungiya a hannun wanda zai gaje shi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Don me Ezra ya auna dukiyar sau biyu, alhali ya amince da firistocin?
2. Yaushe ne rabon da wani wanda ba shugaba ba ya ƙidaya kuɗinmu da buhunanmu?
3. Wa ya zaɓi masu bincikenmu? Akwai dangantaka tsakaninsu da masu riƙon kuɗi?
4. Mun san inda kuɗinmu yake kwana bayan ya bar akwati?
5. Wace sana'a ce ba za mu sa kuɗin ƙungiya a ciki ba, ko da ribarta ta kai yaya?

Aikin wannan wata

A ɗauko dokar ƙungiya a karanta ta daga farko har ƙarshe a gaban taro. A gwada ta da shawarwari takwas ɗin nan, a rubuta waɗanda babu. A sa ranar zaɓen kwamitin bincike kafin a fara raba rancen damina.

Addu'a

Mu gode wa Allah saboda ma'aji da magatakarda da ke yi mana aiki ba albashi. Mu roƙa musu tsarewa daga jarraba. Mu roƙa wa masu bincike ƙarfin hali da tawali'u, su faɗi abin da suka gani ba tare da son kai ba. Mu tuna da iyalan da suka yi hasarar ajiyarsu. Ubangiji ya sa a same mu da aminci cikin ƙaramin abu. Amin.